Ra'ayinmu: Ana Cirar Kuɗin Lafiya, Ina Likitan Idon?

A ƙarshen kowane wata, kafin albashi ya shiga asusun malami, an riga an cire masa kason taimakekeniyar lafiya. Ba a taɓa mantawa da wannan cira ba. Ko a watan da albashi ya zo a makare, a cire yake zuwa. Malamai sun karɓi tsarin hannu bibbiyu domin an yi musu bayani cewa adashi ne na rufin asiri: mai lafiya ya tallafa wa marar lafiya yau, gobe idan ta faɗo kansa a tallafa masa. Manufa ce mai kyau, kuma wannan reshe yana nan daram a kan goyon bayanta.

Sai dai akwai tambaya guda da ke ta maimaituwa a bakin 'yan ƙungiya, a ofishin reshe da ɗakunan malamai da wuraren ɗaurin aure: ina mutum zai kai katinsa a auna masa ido, a yanka masa tabarau? Mai tambaya yakan samu amsoshi barkatai. Wani ya ce masa ai shirin bai ɗauki ido ba. Wani ya ce sai ya je babban birnin jiha. Wani kuma ya ba shi shawarar kada ya wahalar da kansa, ya shiga kasuwa ranar ci ya zaɓi gilashin da ya dace da fuskarsa. Matsayinmu a kan wannan batu a fili yake. Wanda ake cire wa kuɗi duk wata yana da haƙƙin a gaya masa, a rubuce kuma da harshen da yake ji, wane likitan ido ne zai karɓi katinsa, a ina yake, kuma me zai samu idan ya je.

Me ya sa muka ware ido daga sauran gaɓoɓi har muka ba shi wannan shafi? Domin aikin malamin firamare kusan dukkansa aikin ido ne. Da ido yake rubuta shirin darasi da dare. Da ido yake cika rajistar aji, wadda layukanta ƙanana ne, kuskure ɗaya a cikinta ya jawo masa tuhuma. Da ido yake duba littattafan yara masu yawan gaske, kowane yaro da irin rubutunsa, wasu da fensir mai dishi-dishi. Yana rubutu a allo da alli yana juyowa ya hango na bayan aji, a ɗakin da sau da yawa haskensa na taga ne kawai. Yanzu kuma an ƙara masa aikin waya: sanarwar ofis, cike fom, tura sakamako, duk a kan ƙaramin gilashi. Idan gani ya raunana, aikin sa'a guda sai ya ci sa'o'i uku, ga ciwon kai, ga gajiya, ga kurakurai a lissafin maki.

Wannan rauni kuwa ba ya tsallake kowa. Idan mutum ya kai wajen shekara 40, ƙwayar da ke cikin ido wadda ke daidaita gani tsakanin nesa da kusa takan fara taurara. Shi ya sa za ka ga malami yana miƙa hannu yana nisantar da takarda kafin ya karanta, ko ya fita ƙofar aji neman haske, ko ya ba jikarsa allura ta zura masa zare. Hali ne na girma, kamar furfura, kuma maganinsa tabarau ne na karatu mai ƙarfin da ya dace. Ƙarfin da ake buƙata yakan ƙaru sannu a hankali har zuwa wajen shekara 60, saboda haka gilashin da ya yi wa mutum aiki shekaru biyar da suka wuce ba lalle ne ya yi masa yau ba. Duk wanda ya dubi ɗakin malamai na kowace makaranta a wannan ƙaramar hukuma ya san cewa ƙwararrun da aiki ya dogara a kansu, waɗanda ke horar da sababbin ɗauka, mafi yawansu sun shiga waɗannan shekaru.

Masu bincike sun auna amfanin tabarau ga mai aiki. A 2018 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a jihar Assam ta Indiya a kan masu tsinkar ganyen shayi da suka haura shekara 40. Waɗanda aka ba tabarau na ganin kusa sun ƙara yawan abin da suke tsinka a rana da kusan kashi 22 cikin 100 a kan waɗanda ba a ba su ba. Idan haka abin yake ga mai tsinkar ganye, ina ga wanda sana'arsa ita ce karatu da rubutu? Tabarau a wurin malami kayan aiki ne, sahu ɗaya da alli da rajista.

To, me doka ta tanada? An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, amma sai a 2005 shirin NHIS ya fara aiki, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fara cin moriyarsa. A watan Mayun 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin NHIS da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Kafin wannan lokaci jihohi sun riga sun fara kafa nasu hukumomin. Kano ta yi dokarta a 2016, Kaduna a 2018, sauran jihohi ma suka bi sahu, kuma da dama a Arewa sun zaɓi su kira shirin taimakekeniya domin sunan ya fi kwanta wa jama'a a rai. Mu malaman firamare, da yake albashinmu yana fitowa ne daga kason ƙananan hukumomi ta hannun SUBEB, shirin jiha ne namu. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin asibitin da ke karɓar katin ma'aikacin tarayya ba dole ne ya karɓi na jiha ba, sai in ya yi yarjejeniya da hukumar jihar.

Kundin tarayya, wanda jihohi suka yi koyi da shi wajen tsara nasu, ya ambaci ido ƙarara. Ya ƙunshi duba ido da kula da shi da bayar da tabarau mai sauƙin kuɗi, ban da ƙwayar gilashin nan da ake ɗorawa a kan ido. Ya ɗauki ma'aikaci da abokin aurensa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, sannan majinyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Kowace jiha tana da ikon ƙarawa ko ragewa a nata kundin. A nan ne matsala ta farko take: malamai nawa ne suka taɓa riƙe kundin jiharsu a hannu? An ce mu shiga, mun shiga, amma takardar da ta fayyace abin da muka saya ba ta iso ɗakin malamai ba. Wanda bai san haƙƙinsa ba kuwa, duk abin da mai gadin ƙofa ya faɗa masa shi ne doka.

Hanyar da aka tsara ita ce kamar haka. Kowane mai kati yana da asibitin da ya zaɓa ranar rajista, wanda ake biya wani ƙayyadadden kuɗi a kansa duk wata, ko ya je ko bai je ba. Nan zai fara zuwa. Idan abin da ke damunsa ya fi ƙarfin wurin, sai a rubuta masa takardar turawa zuwa mataki na biyu, a kuma nemo lambar amincewa daga hukumar ko daga kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO. Da wannan lamba ne asibiti na biyu zai yi masa aiki, daga baya ya nemi a biya shi bisa abin da ya yi. Auna gani da yanka tabarau galibi a wannan mataki na biyu suke, domin ƙananan cibiyoyin lafiya ba su da na'urorin. A takarda hanya ce miƙaƙƙiya. A aikace kuwa malami yana iya cin tuntuɓe a kowace gaɓa: ma'aikacin cibiyar bai san inda zai tura shi ba, ko lambar ta ƙi fitowa har ranar ta ƙare, ko ya biya kuɗin mota ya isa birni a ce masa likitan yana zuwa ranar Talata ne kawai, ko a auna shi a ce amma gilashin sai ya saya da kuɗinsa.

Ya kamata mu bambanta masu aikin ido, domin ruɗani a nan ma yana ɓata wa mutane lokaci. Akwai likitan auna gani, wanda ya yi shekara shida a jami'a yana koyon gwajin ido da gano cututtukansa da rubuta tabarau. Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jami'o'in da ke yaye su. Akwai mai haɗa tabarau, wanda aikinsa shi ne ya yanka gilashi bisa abin da likita ya rubuta, ya daidaita shi da fuska. Waɗannan biyu hukumar ODORBN, wadda aka kafa a 1989, ita ke yi musu rajista da ba su lasisi. Sannan akwai babban likitan ido, wanda ya gama karatun likita ya ƙware a kan ido, shi ne mai yin tiyata. Malamin da rubutu ya fara yi masa dishi-dishi, likitan auna gani yake buƙata da farko. Idan shi ya ga abin da ya wuce tabarau, sai ya tura shi gaba.

Muna da manyan cibiyoyin ido a Arewa waɗanda suka yi suna, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda yake aiki tun shekarun 1940, ga kuma sassan ido na asibitocin koyarwa. Amma duk a manyan birane suke, haka ma mafi yawan likitocin auna gani masu zaman kansu. Malamin da ke koyarwa a ƙauyen da mota ke shiga ranar kasuwa kawai, tafiya birni a wurinsa tana nufin neman izinin hedimasta, da barin aji ba kowa, da kuɗin mota zuwa da dawowa, wataƙila har da kwana. Idan aka ce ya dawo karɓar gilashi bayan mako guda, tafiya ta zama biyu. Da ya yi lissafi ya ga kuɗin hanya ya fi na tabarau, sai ya haƙura. Kuɗinsa yana cikin asusu, moriyar kuwa ta tsaya ga na birni.

Adalci ne mu saurari ɓangaren masu asibitoci. Gilashi da firam da na'urorin gwaji kusan duka daga waje ake shigo da su, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsu ya tashi. Likita mai zaman kansa da ya karɓi kati yana yin aiki ne bashi, ya jira a biya shi. Idan farashin da aka ƙayyade masa bai kai abin da ya kashe ba, ko biyan ya ɗauki watanni, dole ya janye, ko ya riƙa sanyin jiki da masu kati. Hukumar NHIA ta amsa wannan kuka ta hanyar ƙara farashin ayyuka a 2024 da kuma 2025, ta kuma umurci kamfanonin HMO, daga watan Afrilun 2025, su riƙa fitar da lambar amincewa cikin awa guda. Wannan ya nuna cewa matsalolin sanannu ne kuma suna da gyara. Abin da aka yi wa ma'aikacin tarayya ba mu ga dalilin da zai hana a yi wa malamin firamare irinsa a shirin jiha ba.

Wani zai ce, to mene ne abin tayar da hankali, tun da ana samun gilashin karatu da araha a kasuwa? Gaskiya ne gilashin kasuwa yana taimaka wa wanda matsalarsa raunin ganin kusa ne kaɗai, kuma idanunsa biyu ƙarfinsu ɗaya. Amma mai tallar gilashi ba ya auna ƙarfin ruwan ido, ba ya kuma leƙa jijiyar gani. Can kuwa ɓarawon yake ɓuya. Cutar gilakoma, wadda jama'a ke kira hawan jinin ido, tana cin jijiyar gani a hankali ba tare da zafi ba. Daga gefe take farawa, mutum yana ganin abin da ke gabansa sarai, bai san filin ganinsa yana tsukewa ba. Abin da ta cinye ba ya dawowa, sai dai a tsayar da ita idan an gano ta da wuri. Ta fi yawa a tsakanin baƙar fata, ta kuma fi kama wanda wani nasa na jini yake da ita. Masu ciwon suga da hawan jini su ma cutarsu tana iya lalata bayan ido tun kafin su ji alama. Ashe ranar da malami ya je neman tabarau ita ce damar da likita zai kama waɗannan cututtuka. Idan ya tsaya a kasuwa, damar ta wuce.

Ƙididdiga ta tabbatar da girman al'amarin. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya hana ta ko a warkar da ita. Yanar ido ce ta fi jawo makanta, da kashi 43, sai gilakoma ke biye da kusan kashi 17. Rashin tabarau da ya dace shi ne ya fi komai jawo raunin gani mai matsakaicin tsanani. Binciken ya kuma nuna cewa kusan mutum 1 cikin 20 a waɗannan shekaru yana da gilakoma, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita ba su san suna ɗauke da ita ba. Mu ƙirga malaman da suka haura 40 a wannan reshe, mu raba da 20. Sakamakon lissafin abokan aikinmu ne, waɗanda muke gaisawa da su kowace safiya.

Idan hanyar asibiti ta toshe, mutane ba sa zama haka nan, wata hanyar suke nema. Ido ya yi ja a lokacin hunturu, sai a shiga kemis a sayi maganin ɗigawa. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma yawan amfani da su ba bisa umurnin likita ba yana ɗaga ƙarfin ruwan ido, yana kuma jawo yana, musamman ga yara. Wasu kan ɗiga abubuwan da ba su da alaƙa da magani. Dattawa masu yanar ido kuma har yanzu akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka musu ido da tsinke su tura yanar ciki, abin da sau da yawa yakan ƙare da makanta ta dindindin, alhali tiyatar yana aiki ne na ɗan lokaci a hannun ƙwararre. Araha ba ta ado, balle a kan ido.

Batun bai tsaya a kanmu ba. Katin ya ƙunshi iyalanmu, kuma a cikin 'ya'yanmu da ɗalibanmu akwai waɗanda ba sa ganin allo daga nesa. Kowane malami ya san irin yaron nan da ke matse ido, ko ya riƙa kwafa daga littafin na kusa da shi, ko ya taso ya tsuguna gaban allo. Sau da yawa sai a yi masa lakabi da daƙiƙi ko mai rawar kai, shi kuwa bai san sauran yara suna ganin abin da ba ya gani ba. Akwai kuma camfin da ke cewa tabarau yana kashe ido, ko yana zurma shi, har iyaye su hana yaro sakawa. Wannan magana ba ta da tushe. Tabarau yana daidaita hasken da ke shiga ido ne kawai. Malamin da aka auna, ya sa nasa ya ga amfaninsa, shi ne zai fi kowa iya shawo kan iyaye a taron iyayen yara da malamai.

Za a iya cewa asusun ba shi da yalwa, gara a fifita haihuwa da tiyata da cututtukan da ke kisa. Ba mu raina waɗannan ba. Amma gwajin ido da tabarau suna cikin ayyuka mafi sauƙin kuɗi a harkar lafiya, kuma malamin da ya makance yana da shekara 50 asara ce ga asusun, ga makaranta, ga gidansa. Za a kuma iya cewa ai ƙungiyoyin agaji da masu hannu da shuni suna shirya aikin ido kyauta lokaci-lokaci. Allah Ya saka musu da alheri, sun buɗe idanun bayin Allah masu yawa. Sai dai sansanin kwana uku ba ya riƙe mai gilakoma, wanda yake buƙatar magani da dubawa har ƙarshen rayuwarsa. Kuma abin da mutum ya biya da guminsa bai kamata ya tsaya layin sadaka kafin ya same shi ba.

Saboda haka muna kira ga hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha da ta yi abubuwa biyar. Na farko, ta fitar da jerin sunayen asibitoci da likitocin auna gani da ta amince da su, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da ranakun aikinsu da lambobin wayar ofisoshinsu, a liƙa a ofishin sakataren ilimi da kowace cibiyar lafiya, a riƙa sabunta shi duk bayan wata uku. Na biyu, ta buga kundin abubuwan da shirin ya ɗauka da Hausa, a fayyace iyakar kuɗin tabarau da tsawon lokacin da mutum zai jira kafin a canza masa. Na uku, ta ƙulla yarjejeniya da likitoci masu lasisi da ke kusa da jama'a, ta kuma biya su a kan lokaci. Inda babu ko ɗaya, a sa rana a kowane wata da likitan auna gani zai zauna a babban asibitin ƙaramar hukuma da kayan aikinsa. Na huɗu, ta ƙayyade wa'adin fitar da lambar amincewa, ta kuma tsara yadda za a mayar wa mai kati kuɗinsa idan ya biya abin da shirin ya ɗauka. Na biyar, ta haɗa kai da SUBEB a riƙa gwajin ido ga malamai a lokacin hutu, domin kada aji ya zauna ba malami. Ranar Gani ta Duniya, wadda ake yi ranar Alhamis ta biyu a watan Oktoba, lokaci ne mai kyau na sanar da fara wannan aiki.

Shugabannin NUT na jiha su ma akwai nauyi a wuyansu. Malaman firamare suna cikin rukunin ma'aikata mafi yawa da ake cire wa wannan kuɗi, saboda haka muryarmu tana da nauyi a teburin tattaunawa. Kamar yadda muke bin kadin ƙarin girma da kuɗin hutu da haƙƙin 'yan fansho, haka ya kamata batun lafiya ya zama ajanda ta dindindin, a riƙa neman rahoton malamai nawa aka yi wa rajista, nawa suka samu kati, nawa aka tura asibitin ido. A matakin reshe kuma muna ba da shawarar a buɗe rajista guda. Duk wanda ya je asibitin ido da katinsa, aka karɓe shi ko aka mayar da shi, ya sanar da wakilin makarantarsa rana da wuri da abin da ya faru. Cikin 'yan watanni za mu mallaki jerinmu na wuraren da kati ke aiki, mu kuma samu hujjar da za mu ajiye a gaban hukuma. Ƙorafin baki iska ke ɗauke shi, na takarda kuwa dole a amsa.

Kafin waɗannan su tabbata, ga abin da kowannenmu zai iya yi tun yanzu. Ka tabbatar an yi maka rajista kai da iyalinka, domin cirar kuɗi daban, rajista daban, kuma akwai waɗanda ake cire musu ba su taɓa karɓar kati ba. Ka san asibitin da aka rubuta maka, idan ya yi maka nisa ka nemi a canza. Idan za ka nemi gwajin ido, fara daga can, ka karɓi takardar turawa, ka rubuta lambar amincewa a wurinka. Kafin ka hau mota, kira asibitin da aka tura ka, ka tambayi ranar da likitan ido ke zama, da ko suna karɓar katin jiha, da ko tabarau yana ciki. Idan ka shiga, gaya wa likita in kana da suga ko hawan jini, ko in akwai wanda ya makance a danginku, ka kuma roƙi a auna ƙarfin ruwan ido, a duba jijiyar gani. Karɓi takardar awon tabarau a hannunka, domin da ita za ka iya zuwa wurin kowane mai haɗa tabarau mai lasisi. Duk kobon da ka biya, nemi rasit. 'Yan'uwa malamai mata, wannan kira ya shafe ku kai tsaye, domin mata sun fi jinkirta neman magani saboda hidimar gida, alhali bayan aikin makaranta ga tsintar shinkafa da ɗinki da duba aikin yara suna jiran idanunku. Wanda ya kai 40 bai taɓa gwada ido ba, kada ya jira sai ya ga alama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun shiga wannan shiri da kyakkyawar niyya, muna kuma cika namu alkawarin duk wata ba tare da an tambaye mu ba. Abin da ya rage shi ne ɗaya ɓangaren ya cika nasa, ya fara da abu mafi sauƙi: takarda ɗaya mai ɗauke da suna da wuri da rana. Muna fatan taron reshe mai zuwa zai sa wannan batu a ajandarsa, wakilan makarantu kuma su zo da abin da suka tattaro daga malamansu. Allah Ya kare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a aikin da muke yi.